Yadda Mijina Ya Koyi Yabo

Shekara arba'in da tara ke nan ina auren Kamada Rokuro, kuma in aka tara duk maganar da ya yi min a cikinsu, ba za ta cika kofin shayi ba. "Ke, shayi." "Ke, ruwan wanka." "Ke, hadari, kwashe shanya." Sunana Tomie, amma rabon da in ji shi a bakinsa tun muna da baƙin gashi.

Marini ne, ɗan marini, jikan marini, a garinmu na bakin kogin Yoshino. Randuna huɗu gare mu binne a ƙasa a rumfar bayan gida, tun na kakansa. Ruwan ciki akan sake shi, amma shekara casa'in ba a taɓa wayar gari huɗun duk a mace ba. Shuni kuwa abu ne mai rai. Kullum da safe sai an juya shi da muciya, a lakata a ɗanɗana, in yunwa yake ji a ba shi dusa, in sanyi ya kama shi a hura masa garwashi. Ka yi sakaci kwana uku, sai ka tarar da ruwan banza mai wari.

Bara da kaka kafaɗar tsohon ta ce ta gaji. Likita ya ce ya ajiye muciya in yana son ya ci gaba da kai cokali bakinsa. Wa aikin ya faɗa wa? Ni, da shekara saba'in da uku da bayan da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. 'Yarmu Kazue tana Osaka, ta ce ta ga shuɗin da zai ishe ta har ƙarshen ranta. Na juya randunan nan sanyi guda cur, na kuma san a raina ba zan iya na biyu ba. In ba a samu wanda zai karɓi muciyar nan kafin sanyi ya dawo ba, marinar gidan Kamada ta mutu, kuma tsohon zai bi ta, don ba shi da wani abin tashi da safe dominsa.

Ba wai ba mu taɓa samun 'yan koyo ba. Goma sha ɗaya muka yi, goma sha ɗayan kuma suka gudu. Tsarin mijina shi ne na ubansa: shekara uku kana shara, ba ka tambaya, ba a yi maka bayani, sana'a da ido ake satarta. In ka yi kuskure ya ce "Hm." In ka yi daidai ya ce "Hm." Na ƙarshensu, Utsumi Takuma, shi ya fi daɗewa, shekara shida. Wata kaka ya rina wani ƙyalle, tsomi ashirin da biyu, shuɗi mai zurfi har yana ɗaukar ido. Ya miƙa wa maigidansa da hannu biyu. Tsohon ya duba, ya ce "Hm," ya ninke ya sa aljihu ya wuce. Takuma ya ɗauka an ƙwace ne don a jefar. Bayan mako guda ya tattara kayansa. Yanzu shekara biyar yana dafa taliyar udon a shagon bakin tashar jirgin ƙasa, tun ranar kuma mijina bai sake bin wannan layin ba. Ƙyallen kuwa yana cikin aljihun teburin da muke kunna wa iyayen mijina turare, a ninke kusa da tabaran ubansa. Na sha cewa bari in je in faɗa wa yaron, tsohon ya hana ni.

Da bazara ta shigo na ga sanarwa a allon unguwa. Gidauniyar raya fasaha ta lardinmu za ta haɗa tsofaffin masu sana'ar hannu da masu ba da shawara na wata shida, a koya musu yadda za su yi bayanin aikinsu da yadda za su riƙe ɗan koyo. A ƙarshe za a yi taro, matasa masu neman gidan koyo su zo su saurara, kowa ya zaɓi inda zai je. Ban tambayi tsohon ba. Na ciro hatiminsa, wanda a wurinmu shi ne sa hannu, daga aljihun tebur na buga a takardar.

"Wa ya buga hatimina?" ya ce da wasiƙa ta zo.

"Kyanwa ce," na ce.

Ya daɗe yana kallon jan tambarin. "Hatimina ne," ya ce. "An buga an buga."

Ranar farko ya sa baƙin kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, na raka shi. Aka shigar da mu wani ɗaki mai tebur da kujeru. Sai ga wata yarinya ta shigo da kwamfuta a hammata, gashinta iya wuya, tana murmushi har kunne. Ba ta kai talatin ba. Ta ce sunanta Hamaguchi Chinatsu, ita ce za ta yi masa jagora.

Tsohon ya juyo gare ni. "Ita ce malamar?"

"Ita ce."

Na riƙe jakata da kyau, don na san tashi zai yi ya fice, in bi shi ina ba da haƙuri. Ya kuwa tashi. Ya tura kujera gefe, ya durƙusa a ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗora shuɗayen hannayensa a gaba, ya kai goshi har ƙasa.

"Malama," ya ce, "ɗan koyo mara amfani ya zo. A yi haƙuri da ni."

Yarinyar ta kusa yar da kwamfutar. "Haba Malam Kamada! Don girman iyayenka tashi! Kai ne malami, ni wace ce?" Ta zube ita ma ta kai goshi ƙasa. Ya ga malamarsa ta yi ƙasa, ya ƙara lafewa. Ta ƙara. Da mai kawo shayi ta buɗe ƙofa, ni kaɗai ta gani a kujera, su biyun suna ƙarƙashin tebur kowa yana jira ɗayan ya fara ɗagowa.

Na ɗauka iyakarta ke nan. Ashe ban san wanda nake aure ba. Washegari ƙarfe shida na safe na fito zan juya randa, na tarar babu tsintsiya, babu tsumma, babu bokiti, babu tsoho. Ya hau bas na farko ya tafi ofishin gidauniya. Ya share ƙofar ofis, ya yayyafa ruwa, ya jira maigadi ya buɗe, ya goge teburin Malama, ya jera mata silifas bakinsu yana kallon ciki. Da ta iso ƙarfe tara ta same shi tsaye a bakin ƙofa, ya rusuna ya karɓe mata jaka.

A tsarin gidauniya, awa biyu ne ranar Laraba. A tsarin Kamada Rokuro, ɗan koyo ba shi da ranar hutu. Kullum yana can. In za ta fita, yana biye da ita taku uku a baya, yana kiyaye kada ya taka inuwarta. Da tsakar rana abin da sauƙi. Da yamma kuwa, inuwa ta yi tsawo, sai ka ga tsoho ɗan saba'in da takwas yana zagaye filin ajiye motoci yana tsallake-tsallake da jakar mata mai ruwan hoda a hannu. Matar da ke sharar ofishin ta kai ƙara wajen shugaba, ta ce an kawo tsoho zai raba ta da aikinta. Da lokacin kyautar tsakiyar bazara ya zo, wadda a al'adarmu ake kai wa na gaba, ya kai wa Malama kwalin siririyar taliya. Ta ce dokar ofis ta hana su karɓar kyauta, ta mayar masa. Ya dawo gida ransa a ɓace ya ce, "Ya yi kaɗan." Washegari ya kai kwali uku.

Zaman Laraba kuwa, ni da na raka shi sau biyu har tausayin yarinyar nake ji. Takan saƙale gashinta a bayan kunne, ta karkatar da kai, ta danna biro sau biyu, ta ce, "To, Malam Kamada, me kake ji a ranka game da shuni?"

"Yadda Malama ta ce."

"A'a, ra'ayinka nake so. Ko kana da tambaya?"

"Ɗan koyo ba ya tambaya sai ya shekara uku."

"Wata shida fa muke da shi!"

"Hm."

Takardun da take ba shi ya cike, ya kawo su gida ya ɗora a gaban hoton ubansa, ko ƙura ba ya bari ta taɓa su, balle biro. Na ce masa, "Tsoho, to me kake koyowa a can?" Ya ce, "Ina kallo."

Kallon kuwa yana yi. Wata safiya na shiga rumfa na same shi tsaye a bakin randa yana duba fuskarsa a ruwan shuni. Ya ɗaga hannu ya saƙale gashi a bayan kunne, shi da kansa yake sumul kamar ƙwan kaza. Ya karkatar da kai. Ya ciro biro ya danna sau biyu. Ya sake, ya sake, har sau goma, fuska a murtuke kamar mai aikin tiyata. Na koma kicin na toshe bakina da tsumma na yi dariya har hawaye, sannan dariyar ta ɗauke, don wata huɗu sun wuce, bayana kuma bai san wasa ba.

A makon nan ne Chinatsu ta zo gidanmu da kanta, ta zaɓi lokacin da ta san yana can yana goge mata tebur. Na zuba mata shayin sha'ir mai sanyi. Kafin ta kurɓa ta fashe da kuka.

"Mama, na shiga uku. Shugaba ya kira ni, wai mutanen gari suna cewa na mai da dattijo ɗan aike. Rahotona kuma fari fat. Sauran tsofaffin duk sun rubuta jawabinsu, shi ko kalma ɗaya. Na karanta littafi ya fi ashirin kan yadda ake jagora, babu wanda ya ce ɗalibi zai wanke min kofi."

"Share hawayenki," na ce. "Laifinki ne."

"Nawa?"

"Naki mana. Wa ya ce miki malami yana tambayar ɗan koyo me yake ji a ransa? Roƙonsa kike yi. Shi kuma jira yake ki ba shi umarni. Murtuke fuska. A'a, ba haka ba, wannan ai kamar kin sha tsami ne. Sauke girar. Yauwa. Yanzu ce 'Hm.'"

"Hm?"

"Ba tambaya ba ce, 'yar nan! Daga ciki, kamar an taka miki ƙafa a jirgi kina jin kunyar magana."

Awa guda muka yi a kicin ina koya mata rashin fara'a. Na yi shekara arba'in da tara ina kallon gwani, ni ma ai na saci wani abu da ido.

Ranar Laraba tsohon ya dawo yana tafiya da sauri kamar saurayi. Ya cire takalmi ya ce, "Malama ta fara nuna. Yau ta ce shayina ya yi sanyi, ta sa na sake." Daɗi fal fuskarsa.

Mako biyu tana ba shi umarni yana bi. Ta sa ya cike takardun. Ta sa ya tsaya gaban bango ya faɗi sunansa da sana'arsa da ƙarfi. A mako na uku ta ce in zo in zama mai sauraro. Ta harɗe hannu ta ce, "Kamada! Faɗa min yadda kake sanin randa tana jin yunwa. Yanzu."

Na ɗauka ba zai yi ba. Sannan ya fara, yana kallon ƙasa. Ya ce kumfar sama ita ce fuskar randa. In tana lafiya kumfar takan tashi ta yi ƙyalli ja-ja, in ta gaji sai ta kwanta ta yi fari. Ya ce ka lakata ka sa a harshe, in ta cije ka kaɗan tana da rai, in ta yi lami tana kiran dusa. Ya ce randa ta uku ta fi saura shagwaɓa, ba ta son a rina da ita kwana biyu a jere, sai an bar ta ta huta. Ya ce ubansa yana mutuwa abin da ya tambaya shi ne ko an juya ta uku.

Ni da nake kwana ina tashi da shi ban taɓa jin ya haɗa jimla biyar a jere ba. Chinatsu kuwa ta manta da duk karatun da na yi mata a kicin. Ta saƙale gashi a bayan kunne, ta karkatar da kai, ta tafa hannu, idonta ya ciko.

"Kai, Malam Kamada! Wannan ya yi kyau! Ya yi kyau sosai! Ni ba zan taɓa iya faɗinsa haka ba!"

Tsohon ya tsaya kamar an dasa shi. Kunnuwansa suka yi ja. Ya rusuna ya fita, ya manta da hularsa.

Da yamma na gasa masa kifi na matsa lemun sudachi yadda yake so. Bai taɓa ba. Ya zauna yana juya tsinken cin abinci a hannu.

"Ta ce ya yi kyau," ya ce.

"Ina wurin ai."

"Shekara goma sha tara na yi a hannun babana." Ya ajiye tsinken. "Bai taɓa faɗa min haka ba."

Tausayinsa ya kama ni, ni da na fi kowa jin haushinsa.

"Ke," ya ce. "Na taɓa faɗa wa Takuma?"

"Ka ce masa 'Hm.'"

"Ai babbar ce na yi masa."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ajiye kwano da ƙarfi. "Babba! Wa zai bambance babbar 'Hm' ɗinka da ƙarama in ba ni da na ƙare rayuwata a kanta ba? Yaro ya ba ka shekara shida, ka karɓi aikinsa ka cusa a aljihu kamar tsumman majina! Ci abincinka kafin in ba kyanwa."

Ya ci, amma bai ƙara ko loma ba.

Ranar taro ta zo a ƙarshen watan tara, a zauren gari. Tsofaffi bakwai ne: mai saƙar kwando, mai sassaƙa kan 'yartsana, mai yin takarda, da sauransu. Matasa kusan talatin sun zo daga garuruwa, wasu da gashi kala-kala, kowa da ɗan littafi. Kowane tsoho minti goma. Na zauna a gaba kusa da Chinatsu.

Aka kira Kamada Rokuro. Ya hau dandamali da kwat ɗin jana'iza, ya tsaya gaban abin magana. Ya ɗaga shuɗin hannunsa ya saƙale gashin da babu a bayan kunne. Ya karkatar da kai. Ya danna biro sau biyu. Sannan ya buɗe baki da wata siririyar murya mai zaƙi da ban san yana da ita ba:

"To, jama'a, sannunku da zuwa! Kai, na ji daɗin ganinku! Me kuke ji a ranku game da shuni?"

Zauren ya fashe da dariya. Ma'aikatan gidauniya ne suka fara, don sun gane ko wace ce. Shugaba ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna rawa. Chinatsu ta rufe fuska da takarda tana cewa, "Wayyo ni, Mama, haka nake? Haka nake yi?" Na ce mata, "Sak. Har danna biron."

Shi kuwa ko a jikinsa. Wata shida ya yi yana kallo, ya san bai kuskure ko motsi ɗaya ba. Ya ci gaba da muryar Malama, ya yi bayanin kumfa da harshe da randa ta uku, in ya ƙare jimla ya yi 'yar dariyarta ya rufe baki da hannu. Matasan suna dariya suna rubutu. Na ce a raina, yau mun samu.

Sai wata yarinya mai koren gashi ta ɗaga hannu. "Malam, yaushe ɗan koyo zai fara taɓa randa?"

Wannan ba a koya masa da muryar Malama ba. Kansa ya miƙe, girarsa ta sauka, ainihin Kamada ya dawo.

"Shekara uku. Shara."

Na ji ƙarar littattafai suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka ƙirga takardun zaɓi, mai kwando ya samu mutum huɗu, mai takarda biyar. Akwatinmu babu ko ɗaya. An yi ta zuwa ɗaukar hoto da shi, amma hoto ba ya juya randa.

Chinatsu ta ce za ta mayar da mu gida a motarta. Tsohon ya zauna a baya da jakarta a cinya. Ni kuka nake son yi, amma na ƙi in yi a gabansa. Ina lissafin wace randa zan fara bari ta mutu, na ga ta ukun ce, tunda ita ta fi cin ƙarfi. Da muka zo mararrabar tasha ya yi gyaran murya.

"Malama. Ɗan koyo yana neman izinin tambaya."

Ta kusa taka birki a tsakiyar titi. "Yi, yi!"

"A tsaya a shagon taliya."

Ƙarfe ɗaya ne na rana, shagon cike da ma'aikatan jirgi da 'yan makaranta. Takuma yana bayan kanta da farin ƙyalle ɗaure a ka, ya yi ƙiba kaɗan, yana tsame taliya daga tukunya. Ya ɗago zai ce sannu da zuwa, sai ya ga mu ne. Ya rusuna min. "Uwargida." Maigidansa kuwa, ko kallonsa Takuma bai yi ba.

Tsohon ya tsaya a tsakiyar shago. Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya ciro ƙyallen nan, ashe tun safe yana ɗauke da shi. Ya warware shi da hannu biyu. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya sake buɗewa. Na ga zufa tana bin wuyansa. Shi hanya ɗaya tak ya taɓa ganin ana yabon mutum, ita kuwa ya bi. Ya saƙale gashi a bayan kunne, ya karkatar da kai, ya tafa hannu ƙyallen yana lilo.

"Kai, Takuma! Wannan ya yi kyau! Ya yi kyau sosai! Ni ba zan taɓa iya..." Nan muryar Malama ta tsinke masa. Sauran da tasa ya ƙarasa, a dishe. "Ban taɓa rina kamarsa ba. Shi ya sa na ajiye kusa da babana."

Wani ɗan makaranta ya yi dariya, abokinsa ya zungure shi. Chinatsu tana bakin ƙofa tana kuka a fili. Takuma ya tsaya da matsami a hannu, taliya tana dahuwa tana wuce misali. Ya kalli ƙyallen, ya kalli tsohon, ya daɗe. Sannan ya ce:

"Hm."

Ya juya ya ci gaba da aikinsa. A mota tsohon ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Ke. Babba ce ko ƙarama?"

"Oho," na ce. "Ɗanɗana ka ji yadda ake ji."

Gaskiyar ita ce ni ma ban sani ba. Kwana uku babu labari. Tsohon ya daina zuwa ofis tunda wa'adi ya cika, yana zaune a bakin rumfa yana kallon titi yana yi kamar ba titi yake kallo ba. Ran na huɗu, ƙarfe shida na safe, ina ɗaura zanin aiki na ji ƙarar tsintsiya a tsakar gida. Na leƙa. Takuma ne, da tsohuwar rigarsa ta rini da ta matse shi a ciki, yana share ganyen da iska ta zubo.

Mijina ya fito ya tsaya yana kallonsa. Ya taka ya karɓe tsintsiyar daga hannunsa, ya jingine ta a bango. Ya shiga rumfa ya ɗauko muciya ya miƙa masa da hannu biyu.

"Shara tawa ce yanzu," ya ce. "Na iya."

Takuma ya buɗe randa ta uku, ya duba kumfar, ya lakata ya sa a harshe. Ya ɗaga gira.

"Maigida, an ce kafaɗarka ta lalace tun bara. Wa ke juya wannan?"

"Ita."

"Shekara guda? Ita kaɗai? Ai randar ta fi lafiya a kan yadda na bar ta."

Tsohon ya juyo gare ni. Na ga hannunsa ya fara tashi zuwa bayan kunne.

"Kar ka soma," na ce. "Na rantse in ka yi min muryar yarinyar nan sai na tsoma ka a randa."

Ya sauke hannun. Ya tsaya yana kallona, kai a miƙe, girar nan a sauke kamar kullum.

"Tomie," ya ce. "Ya yi kyau."

Na ce masa miya tana kan wuta, na shige kicin na rufe ƙofa. Babu wata miya a kan wuta. Na zauna a kan buhun shinkafa na yi kukana son raina, ina jin muciya tana juyawa a rumfa, kuma ba hannuna ne a kanta ba. Da na gama na wanke fuska, na ɗauko kwano uku na fara zuba abincin safe.